Wata huɗu ina istihara

Ƙanena na tura bincike, kamar yadda kowa ke yi. Wani yaro ne ya aiko magabatansa suna neman ɗiyata ta fari (ba zan faɗi sunanta ba, ko a gida ba na faɗa balle a nan), na ce su ba ni mako biyu. Daren da ya kawo mini labari muna zaune ƙofar gidanmu a Birni, bayan isha'i, samari sun sauke shayi na biyu. Ya ja ni gefe, ya shiga ƙirga mini da yatsu. Yaro yana salla cikin jam'i. Ba ya shan taba, balle ƙwaya. Yana da rumfar walda tasa ta kansa can wajen kasuwar Dole, da yara uku masu koyon aiki a hannunsa. Shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa tun rasuwar ubansu. Da ya kai kan babban yatsa sai ya tsaya, ya dubi ƙasa.

"Yaya, saura guda. Uwarsa a Kara-Kara aka haife ta. Ubanta kuturu ne."

Kofin shayi na hannuna, na sha rabi. Na ajiye shi ƙasa, ban sake ɗauka ba. Wannan ajiyewar ce ta tsaya mini a rai har yau, domin ta riga tunani zuwa. Ban auna komai ba, ban tuno aya ko hadisi ba, hannuna ne ya yanke hukunci tun kafin a tambaye ni. Da bakina ya samu ya buɗe, abin da ya fito shi ne: "To, bari mu yi istihara."

Wanda ba ɗan Damagaram ba ne zai ce mene ne kuma Kara-Kara. Unguwa ce a gefen gari, asalinta wurin da aka ware wa kutare ne su zauna nesa da jama'a. Yau ƴaƴansu da jikokinsu ne a can, da talakawan da tsadar haya ta koro daga cikin gari, yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Mutanen sun warke, sunan unguwar ne bai warke ba.

Ni kuwa shekarata 27 ina riƙe da alli. Mushe ake ce mini a unguwa, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, har tsofaffin da suka goya ni. Duk ƙarshen Janairu, idan ranar kutare ta duniya ta zagayo (Lahadin ƙarshe ta watan ake yi), nakan ware rabin awa ranar Litinin in yi wa ƴan ajina bayani, kuma ko daga barci aka tashe ni ina iya maimaita shi. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba alhakin rantsuwar ƙarya ba ce. Ƙwayar cuta ce, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Jijiyoyi take ci, hannu ya daina jin zafi, mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, miki ya ruɓe, a haka yatsu ke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan mutane ko sun zauna da mai ita ba ta kama su. Maganinta na wata 6 ne ko 12, kyauta ake ba da shi tun 1995, wanda kuma ya fara sha ya daina yaɗa ta. In rubuta a allo, yara su kwafa, in bi layi-layi in ba da maki.

Da a aji kaɗai na tsaya da sauƙi. Shekara uku da suka wuce wani abokina a fada (majalisarmu ta hira) ya hana ɗiyarsa auren ɗan wanzami. Ranar kam na samu nama. Na kawo masa aya ta 13 cikin suratul Hujurati, cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi tsoronsa. Na kawo masa labarin Abu Hindin mai yin ƙaho, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Banu Bayada su ba shi aure su kuma nemi aure a gidansa. Da na ga fada ta yi tsit sai na ƙara da tarihi. Na ce wane asali ake faɗa mana a garin nan? Gidan sarautar kansa daga Barno ya samo tushe. Zongo fatake da Buzaye suka cika shi. A cikin ganuwar Sarki Tanimun da muke tinƙaho da ita akwai waɗanda kakanninsu suka shigo bisa raƙumi, akwai waɗanda aka shigo da su ɗaure da igiya, kuma duk sun auri juna tuntuni. In za a tona kakan kakan kowa, ba mai iya ɗaga ido ya kalli wani. Aka yi ta dariya, ana "faɗa masa, Mushe!" Abokin nawa ya kaɗe rigarsa ya tafi, wata guda bai yi mini magana ba. Ni kuwa daren nan barci na yi mai daɗi.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Nawa tudun ya jira ni shekara uku.

Bari in faɗi yadda ake jan magana wata huɗu ba tare da an ce a'a ba, don na ƙware. Makon farko, istihara. Na biyu, ban ga wani haske ba tukuna. Sai azumi ya kama, wa ke maganar aure cikin azumi? Bayan salla na ce sai yayana ya zo daga Kano, alhali ko ranar suna ba ya zuwa, a waya ake gaya masa komai. Daga nan na ce a bari a ga yadda damina za ta kama. Duk zuwan da magabatan yaron suka yi, nakan shimfiɗa musu tabarma mai kyau, a kawo ruwa da fura, in yabi ɗansu har su ji kunya, in raka su bakin hanya. Su dattawa ne, tun zuwa na uku suka gane. A na biyar ba su dawo ba.

Istihara kuwa raka'a biyu ce da addu'a, sannan mutum ya kama abin da ya sa gaba, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa. Na san haka sarai. Sau biyu na yi ta, kuma duk biyun na riga na san amsar da nake jira kafin in yi kabbara. Sauran kwanakin sunanta kawai nake ara. Cikin duk abin da na yi a lamarin nan, wannan ne ya fi ci mini rai: na ɗauki ibada na mai da ita ƙyauren da nake laɓewa a bayansa.

Ƙyaure na biyu Inna ce. Ita ta haura tamanin, ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, kuma ba ta ɓata lokaci ba. Ran da ta ji, daga kan gadonta ta ce, "Ba da yawuna ba. Jini ba ya ƙarya." Na ji wani sanyi a raina da bai kamata in ji ba. Daga ranar duk wanda ya tambaye ni sai in girgiza kai in ce, "Kai dai bari, ni ba ni da matsala, tsohuwa ce ta ƙi. Ka san sha'anin mutanen da." Ga ni ɗan boko mai wayewa, ga kuma abin da nake so ya faru yana faruwa, da bakin wani.

Ƙanena ne ya fara tsikara ta. Wata rana muna dawowa daga jana'iza ya ce, "Yaya, in tambaye ka don Allah. Da yaron nan ɗan wani alhaji ne mai manyan motoci a hanyar Agadas, za ka ma aike ni tambayar kakansa?" Na ce masa ba a nan take ba. Ya yi dariya ya ce, "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa." Na yi fushi kwana biyu, irin fushin da mutum ke yi idan an taɓa inda ke ciwo.

Na daɗe ina tambayar kaina ko munafunci ne wannan. Alamomin munafuki uku da hadisi ya lissafa duk mun haddace su tun muna yara: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in an amince masa ya ci amana. Wata huɗun nan kam na taɓa na farko, ba musu. Amma shekara 27 ɗin fa? Lokacin da nake tsaye gaban allo, ko ranar da na kunyata abokina, rantsuwa zan iya yi cewa ba ƙarya nake ba. Har zuciyata nake jin abin da nake faɗa. To ina ya shiga daren da aka ce Kara-Kara?

Amsar da na samu a tsakar gidana na same ta. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram. Gari ne bisa duwatsu, ruwa bai taɓa isarsa ba, har cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926 akwai ƙarancin ruwa. Gidanmu akwai famfo, ina biyan kuɗinsa. Baƙo ya tambaye ni ko muna da ruwa, in nuna masa famfon, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ya leƙa bayan ɗaki ya ga jarkoki goma sha biyu a jere, ya duba wayar uwargida ya ga lambar mai garuwa a sama da tawa. Famfon nan shi ne abin da muke faɗa. Abin da muka yarda da shi yana cikin jarkoki. Ba kuma za ka taɓa sanin bambancin ba sai watan Afrilu, ran da ka murɗa kan famfo ya yi maka tari.

Da na fara duba gidana da wannan ido, sai na ga jarkoki ko'ina. Ni ne mai cewa a taron iyayen yara makarantar gwamnati ita ce gatan talaka, a daina raina ta, amma ƴan autana biyu makarantar kuɗi suke, jika nawa nake zubawa duk wata ba na so in faɗa. Maƙwabcina ɗan kasuwa ba ya buɗe baki bai ce arziki na Allah ne ba, amma ran da aka gyara daɓen shagonsa shi da kansa ya tsaya kan magina kada su tono abin da ya binne a bakin ƙofa. Ban kawo shi don in rage nawa ba, ya dai shigo hanya ne.

Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne gane dalilin da ya sa na riƙe wancan ra'ayi tun farko. A makarantar horon malamai na ɗauko shi, lokacin ina saurayi mai son a san ya bambanta da tsofaffin zaure. Cikinmu ƴan boko, cewa zancen asali jahilci ne kamar babbar riga ce ta Juma'a, wanda bai sa ba shi ake kallo. Ra'ayin bai taɓa cin ko dala tawa ba. Ƙari ma yake yi mini: ana ce mini mai ilimi, ana ba ni wuri a fada, ana kirana sasanta rigima. Shekara da shekaru shi ke biyana. Ran da ya juyo ya ce in biya shi, kuma da ɗiyata, ranar na san nauyinsa a wurina. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Cikin wata na huɗu na je wurin Malam, tsohon da na yi karatun Risala a zaurensa ina yaro. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma kunnen na nan. Na zagaya, na zagaya, na ce wani ne ya aiko ni da tambaya kan kufu'i a aure, ko uba na da ikon duba lafiyar dangin mai nema. Ya bar ni na gama.

"A mazhabar Malik addinin mutum ake dubawa, da lafiyar jikinsa shi kansa. Kuturta tana cikin aibin da ake mayar da aure saboda shi, gaskiya ne, amma a jikin mijin ko matar. Yaron yana da ita?"

Na ce a'a.

"Uwarsa fa?"

Na ce lafiyarta lau, ƙosai ma take sayarwa.

"To Mushe, fatawa ka zo nema ko mafaka?"

Ban ce komai ba. Ya ce in tuna masa yadda littafin ya fassara imani. Na karanto kamar ɗan shekara goma sha biyu: faɗa da harshe, da tsarkin zuciya, da aiki da gaɓoɓi, yana ƙaruwa yana raguwa. Ya ce, "Harshen kam Allah ya ba ka, duk gari an shaida. Na ji labarin abin da ka yi wa abokinka a fada." Ashe har nan ta iso. Sai ya ce aya ta 13 na haddace, ko na taɓa leƙa wadda ke bi mata? Ita ce wadda Larabawan ƙauye suka ce sun yi imani, aka ce a gaya musu ba su yi ba, su dai ce sun miƙa wuya, imani bai shiga zukatansu ba tukuna. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka lura da kyau, tukuna aka ce. Ba a ce ba zai shiga ba. Tashi ka tafi, ina da baƙi."

Ba shi da wani baƙo. Ni kaɗai ne a zauren.

Duk da haka sai da na ƙara mako guda. Wanda ya ce maka magana mai kyau tana juya mutum nan take, bai taɓa zama mutumin ba. Wadda ta ƙarasa ni ɗiyar ce. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta ɗan fari, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da aike. Wata huɗun nan ba ta ce uffan ba, sai ramewa. Ran nan ta kawo mini tuwon dare, ta durƙusa ta ajiye, maimakon ta tashi sai ta tsaya a durƙushe, kanta a ƙasa.

"Baba, ni ma na kwafi darasin nan a ajinka. Goma bisa goma ka ba ni."

Na buɗe baki zan ce Inna ce, ta riga ni.

"Inna ta ce a'a, na san inda take, ban ji haushinta ba. Da kai ma a'a ka ce, da na yi kuka na haƙura. Kai ne ban san inda kake ba."

Ta tashi ta fita. Tuwon nan kaji suka ci shi da safe.

Washegari na ɗauki wata kujerar ƙarfe da ƙafarta ta karye tun bara, na hau kabu-kabu da ita har rumfarsa. Kujerar hujja ce kawai, kada a ce uban yarinya ya bi saurayi. Yana ganina ya kashe wuta, ya cire baƙin tabarau, ya zube ƙasa yana gaishe ni, ba alamar ya riƙe ni da komai. Ya share benci da hularsa, ya ɗebo ruwa a randa da moɗa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Zan faɗi abin da na yi, don in na ɓoye shi sauran duk banza ne. Yatsunsa na kalla. Ƙirga su na yi, ni Mushe mai darasin Janairu. Goma ne cif, baƙaƙe, duk tabon tartsatsin wuta. Na karɓi moɗar, na ji maƙogwarona ya ɗaure kamar an shaƙe ni, wani abu daga can ƙasa yana cewa kada ka sha. Muryar na gane ta, ita ce ta ajiye kofin shayi daren farko. Ba ta san Hansen ba, ba ta san 1873 ba, ta girmi karatuna duka, wataƙila tun ina goye ta shige ni, ranar da aka janye ni daga kusa da wani mai bara. Na kafa kai na shanye ruwan tas, har ya zubo mini a gemu. Na ce masa ya gaya wa magabatansa ina jiransu ranar Juma'a bayan la'asar, kuma wannan karon su zo da goro mai yawa.

Ba zan ce muryar ta mutu ba. Ran da uwar yaron ta aiko mana da ƙosai, na ci, amma na san ina ci, kowace loma sai da na sa kaina. Na kuma je gidan abokina, wanda na kunyata, na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ashe kai ma mutum ne." Ban san ko yafiya ce ko ramuwa ba, na dai karɓa.

An sa rana bayan kaka, in an gama shigar da hatsi. Inna har yanzu tana kan bakanta. Duk wadda ta shigo yi mana murna sai ta tare ta da cewa ita ba ruwanta, ƴan boko ne suka yi abinsu, a rubuta a ajiye jini ba ya ƙarya. Jiya da hantsi na shiga gaishe ta, na tarar ta jawo tsofaffin tasoshinta da fantekoki daga ƙarƙashin gado, waɗanda ko uwargida ba ta yarda ta taɓa, ta baza su a tabarma tana goge su da toka ɗaya-ɗaya tana ƙirgawa.

Na ce, "Inna, waɗannan fa na wa?"

"Kai dai wuce abinka. Ni na faɗa, ba da yawuna ba." Ta ci gaba da guga, ba ta ɗago ba. Can ta turo mini wata babbar tukunya da ƙafa. "Ungo wannan, hannunta ya cire. Kai wa yaron nan ya liƙe mini kafin Alhamis. Ka ce masa ya yi a hankali, ta uwata ce."